Agogon Auta a Ƙafar Umma

A farkon zangon karatu na biyu aka raba wa 'yan aji biyar agogo, kowa ɗaya. Baƙar roba ce mai ɗan gilashi kamar farcen babban yatsa, ba ta nuna lokaci sai an danna, aikinta kawai ƙirga takun wanda ya ɗaura ta. Auta ya dawo da nasa gida ya ajiye a kan firji, ya kwanta a kujera da wayar yayarsa a hannu.

Umma ta tambaye shi na mene ne, ya yi mata bayani ido na kan waya. Malamin wasanni, wanda yara ke kira Malam Usur saboda ba ya rabo da usur a wuya, ya haska musu taswirar ƙasa a bangon aji. A kan garinsu akwai jan ɗigo. Kullum da safe za a tattara takun 'yan aji duka, taku dubu goma kilomita ɗaya, ɗigon ya matsa gaba a kan hanyar da ta ratsa ƙasar har bakin teku. Duk garin da suka isa, sai wani ɗan fim ya buɗe, a nuna musu mutanen wurin, abin da suke nomawa ko ƙerawa, da abin da suka taɓa yi wa ƙasa. Ɗaya ajin biyar ɗin, na ƙarshen baranda, su shuɗin ɗigo gare su, kuma tsere ake.

"To kai a kwancen za ka je tekun?" in ji Umma.

"Ai akwai masu gudu a ajinmu," ya ce.

Shekarar Auta goma sha ɗaya, jiki ne da shi mai nauyi. Umma takan ce zama ya gado wurin babansa, tela ne, shekara ashirin yana kan kujera ɗaya har ta ɗauki siffarsa. Ita kuwa aikin shara da goge-goge take a babban asibiti, daga ƙarfe uku zuwa takwas, ranar Asabar kuma wuni. Bene hawa biyar ne, dogayen baranda, ga bokiti ga sandar goge ƙasa. Ba ta taɓa tunanin wani zai ƙirga zirga-zirgar da take yi ba.

Sati biyu da fara abin, Auta ya dawo ya ƙi cin abinci. Yaya, babbar 'yar Umma mai shirin jarrabawar fita sakandare, ita ta tono zancen. An haska jerin sunaye a aji, Auta ne na talatin da takwas cikin talatin da takwas. Shuɗin ɗigo ya wuce ja, yara suka ce Buhu ne ya danne musu mota. Buhu shi ne sunan da suke kiransa a fili in ana gudu, shi ya sa ba ya gudun.

Umma ta ce, "To ka tashi ka riƙa zagaya gida mana."

Ya tashi ya shige ɗaki.

Bayan kwana uku tana hawa na huɗu a asibiti, ta sa hannu a aljihun rigar aikinta neman mabuɗin ɗakin kayan shara, sai ta ji roba. Ta fito da agogon ta danna. Dubu goma sha ɗaya da wani abu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar aljihu ta ƙarasa goge barandar.

Da ta koma gida ta ajiye shi a gabansa. Auta ya sunkuyar da kai. Ya ce yau kwana uku ke nan yana saka mata kafin ta fita, ya ɗauke in ta rataye rigar. Ya ce daga na ƙarshe ya koma na goma sha biyu, kuma jiya babu wanda ya ce masa Buhu.

"Wannan ai ƙarya ce, Auta. Ƙarya da ƙafata."

"Umma, duk taku ne fa. Agogon bai san ƙafar waye ba."

Yaya ta fashe da dariya, Umma ta harare ta. Don ya sassauta faɗan, Auta ya karɓi wayar Yaya ya buɗe manhajar makaranta, ya nuna wa Umma taswirar. Ga jan ɗigo, ga shuɗi a ɗan gabansa. Ya ja hoton da yatsa yana lissafa garuruwan da ke gaba. Da ya ambaci na uku, Umma ta ce ya tsaya.

"Maimaita."

Ya maimaita. Garin mahaɗar jirgin ƙasa ne, inda layin dogo ya rabu biyu. A nan aka haifi Umma. Mahaifinta ma'aikacin gyaran dogo ne, suna zaune a jerin gidajen ma'aikata bayan tasha. Tana da shekara tara aka canja masa wurin aiki, suka taso, bayan shekara biyu ya rasu. Tun daga nan ba ta sake taka garin ba. Ba wani dalili, nisa ne da hidima. Yaranta sun san sunan garin kamar yadda suka san ranar haihuwarta, amma ba su taɓa tambayar yadda yake ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

"Shi ma akwai fim ɗinsa?"

"Kowane gari akwai. Amma ba ya buɗewa sai mun isa. In ya buɗe a aji, ana iya kallo a waya."

Umma ta kalli ɗan tazarar da ke tsakanin jan ɗigo da garin. A kan gilashin waya bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta tashi ta shiga kicin, ta ɗaga murfin tukunyar da ba ta buƙatar dubawa. Washegari da za ta fita aiki, agogon yana kan firji. Ta ɗauka.

"Sai kun isa garin kawai," ta ce wa Auta. "Daga nan ƙafarka ta yi maka."

A asibiti ba a yarda masu shara su ɗaura komai a hannu ba, saboda ruwa da magani. Sai ta ɗaura shi a idon sawu ta ja safa ta rufe. A nan ma ya fi ƙirga daidai. Ranar farko dubu goma sha bakwai. Kafin sati ya zagayo ta daina shiga lif, sai matakala. In ana neman wanda zai kai takarda ɗakin gwaji a can ƙarshen ginin, ita ce mai cewa a kawo. Abokiyar aikinta ta hawa na uku ta ce, "Maman Auta, ko ƙarin girma aka yi miki alkawari ba mu sani ba?" Ta ce a'a, likita ne ya ce ta riƙa motsa jiki. Ƙarya ta biyu ke nan, ta kuma lura da yadda ta fito mata ba wuya.

In ta dawo, kafin ta cire takalmi sai ta ce a nuna mata ɗigo. Jan ya kamo shuɗi, ya wuce shi. Baban yara ya ga uwa da ɗa sun haɗa kai a kan waya, ya tambayi abin da ake ciki. Da Yaya ta gaya masa, ya girgiza kai ya ce shi dai babu ruwansa, amma in ana so a ɗaura a fedar keken ɗinkinsa, kwana biyu sun isa teku. Umma ta ce ba a sa da shi ba.

Ranar Alhamis ta sati na uku da fara ɗaura agogon a ƙafarta suka isa garin. Auta ya dawo da gudu, gudun gaske, yana haki. Ya ce fim ya buɗe, kuma an ce shi ne na ɗaya a aji, ranar Litinin shi zai riƙe tuta a taron safe lokacin da ake rera taken ƙasa. Sannan ya miƙa mata wata 'yar takarda. Malam Usur yana son ganinta gobe da safe.

Umma ta karanta takardar sau biyu. Fim ɗin da ta yi sati uku tana hawa bene dominsa yana cikin wayar Yaya, amma ta ce a bari tukuna.

Ofishin Malam Usur ɗan ɗaki ne kusa da fili, rabinsa ƙwallaye a cikin raga da igiyoyin tsalle da tsofaffin tabarmin roba. Mutum ne siriri mai furfura a gemu. Ya share mata kujera da hannu, suka gaisa, ya tambayi aiki da mutanen gida. Sannan ya juyo da kwamfutarsa ta fuskance ta.

"Mama, gidanku bene ne?"

"A'a, Malam."

"Na tambaya ne saboda agogon nan ba taku kaɗai yake ƙirgawa ba, har hawa. Ya nuna Auta yana hawa bene arba'in kullum tsakanin uku da takwas. Ranar Asabar saba'in. Ni kuma a fili in na ce ya zagaya sau ɗaya, sai na bi shi da ruwa."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi dariya ba. Umma ta ji kunya ta rufe ta tun daga wuya. Ta yi niyyar cewa yaron yana raka ta aiki, sai ta ga ƙarya ta uku za ta zama, a gaban mutumin da ya riga ya sani.

"Ni ce, Malam. Ƙafata ce."

Ta gaya masa duka, da zancen Buhu, da aljihun riga, da garin mahaɗa. Ya saurara yana murza igiyar usur ɗinsa.

"Ba ke kaɗai ba ce," ya ce. "Wani a wuyan karensu ya ɗaura. Wata kuma a fanka, ta yi taku dubu casa'in a wuni ɗaya, in da gaske ne da ta mutu. Waɗannan tun ranar farko na kama su. Naki ne ya ba ni wuya, don tafiyar mutum ce ta gaske. Na daɗe ina zargi, na yi ta jinkiri saboda na ga yaron ya fara ɗaga kai a aji. Wannan laifina ne. Jerin sunayen da na haska ma laifina ne, ban yi tunanin na ƙarshe ba."

"Yanzu yaya za a yi?"

"Zan cire takunki. Kilomita talatin da ɗaya ne. Ɗigo zai koma bayan garin, ɗaya ajin su wuce mu. Tuta kuma ba zan ba shi ba. Ina koya musu su san ƙasarsu su so ta, ba zan fara da sa yaro ya riƙe tutarta a kan abin da bai yi ba."

Umma ta ce haka ne. Ta yunƙura za ta tashi, ya ce, "Kin kalli fim ɗin?" Ta ce a'a. Ya danna.

Minti huɗu ne. Aka nuna tasha, an yi mata sabon fenti. Aka nuna babban tankin ruwa a kan ƙafafunsa na ƙarfe, yana nan yadda ta bar shi. Aka nuna kasuwa, da 'yan makaranta suna ɗaga hannu, da gadar jirgi a kan kogi. Mai magana ya ce a shekarar babbar ambaliya injiniyoyi sun ceci gadar, shi ya sa abinci bai yanke wa rabin ƙasar ba.

"Ba haka aka yi ba," in ji Umma.

Malam ya tsayar da fim ɗin.

"Injiniyoyin sai da ruwa ya janye suka iso, hanya ta yanke. Ma'aikatan dogo ne da mutanen gari. Kwana uku suna cika buhuna da yashi suna jerawa a gindin gadar. Babana yana ciki. Mu yara mu muke riƙe bakin buhu, mata suna ɗurawa da kwano. Ina da shekara bakwai. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙen buhu sai na tuna."

Malam Usur ya juyo gare ta. Ya ce, "Mama, in mun sake isa garin da ƙafarmu, za ki zo ki faɗa wa yaran wannan?"

Ta ce ita ba ta iya magana a gaban mutane ba. Ya ce ai yanzu ta yi.

Abin da ya fi wuya shi ne gida. Auta ya yi kuka har da shessheƙa, ya ce ta tona masa asiri, ya ce ba zai sake zuwa makarantar ba. Umma ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Ni na ɗaura, ni babba. Da na hana ka tun ranar farko da ba a kai nan ba. Ranar Litinin tare za mu je."

Suka je tare. Malam ya ce ba sai ta shiga ba, ta tsaya a baranda ta taga tana ji. Auta ya tashi ya faɗa da bakinsa cikin jimla biyu. Malam ya danna kwamfuta, jan ɗigo ya ja da baya a bango. Aji ya ɗauki ihu. Wani ya ce, "Buhu ya jawo mana!" Malam ya busa usur sau ɗaya, ya ce daga yau babu jerin sunaye, jimlar aji kawai za a riƙa gani, kuma duk wanda ya sake kiran wani da sunan da ba nasa ba zai zagaya fili sau biyar ba tare da agogo ba, ya yi a banza. Wata yarinya a gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to mamarsa ba za a sa ta a ajinmu ba?" Aka yi dariya, har Auta ya ɗan murmusa yana share hanci.

A ranar, da rana, da Umma ta shirya fita aiki, ta ce masa ya sa takalmi. Daga gida zuwa asibiti tasha huɗu ce a bas. Shagon babansa yana bayan asibitin. Ta ce daga yau da ƙafa za su riƙa zuwa, ya zauna a shago ya yi aikin gida, ya dawo tare da babansa.

Tafiyar farko ba ta yi daɗi ba. Ya tsaya sau uku. Ya ce takalmi na cizonsa, ya ce rana, ya ce ƙishirwa. A wajen masu gyaran taya ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya ce shi ya gama. Umma ta duba lokaci, ta ga za ta makara, ta tsaya a kansa har ya tashi. Da suka isa ya danna agogo, dubu biyar da ɗari biyu. Ya kalli lambar kamar bai yarda ba.

"Nawa ne wannan?"

"Naka ne. Ni ban taɓa shi ba."

Ranar Laraba jan ɗigo ya sake shiga garin mahaɗa. Ranar Alhamis da safe Umma ta sa kayanta na fita ta je aji. Ta tsaya a gaban yara talatin da takwas, hannunta na neman abin riƙewa, ta saba da sanda. Ta fara da tankin ruwa, yadda suke gane jirgi na zuwa ta jin dogo na rawa a tafin ƙafa tun ba a ji kukansa ba. Daga nan maganar ta zo da kanta. Ta faɗi ambaliya da buhunan yashi, da yadda babanta ya dawo rana ta uku tafin hannunsa duk ya sale, ya kasa riƙe kofi sai da aka ba shi a baki. Wani yaro ya tambaya ko an ba su lambar yabo. Ta ce a'a, an dai ba su hutun kwana biyu. Wata ta tambaya to me ya sa suka yi. Umma ta yi ɗan tunani ta ce, "In gadar ta tafi, mutanen can gaba ba su da abinci. Ba mu san su ba, amma mun san suna can."

Malam Usur ya ɗauki maganar da waya, da izininta. Ya ce zai aika wa masu haɗa manhajar su ji, ko su gyara ko kada su gyara, shi dai a ajinsa tare zai riƙa nuna biyun. Auta yana zaune a layi na uku, bai ɗaga kai sosai ba, amma da aka tashi ta ji yana gaya wa na kusa da shi, "Kakana ne fa."

Shuɗin ɗigo ne ya fara isa teku, da tazarar kwana biyu. Babu wanda ya mutu saboda haka. Auta bai rame ba, bai kuma zama mai gudu ba, amma ya daina tsayawa a wajen masu gyaran taya, kuma Malam ya ce yanzu yana zagaya fili sau biyu kafin ya nemi ruwa. Rakiyar ta zame musu jiki har bayan an karɓe agogunan an ba 'yan aji huɗu.

A hanya yawanci shi ke magana. Wata rana suna jiran fitilar kan titi ta ba su hannu, yake ba ta labarin garin ƙarshe, na bakin teku. Ya ce a can akwai mutanen da ke tare ruwan teku a wasu faffaɗan kwaruruka, rana ta shanye shi, su kwashe gishiri da shebur, kuma gishirin da ke kicin ɗinsu ma wataƙila daga can yake. Umma ba ta taɓa ganin teku ba.

"To in aka yi ruwan sama fa? Ba ya narkewa?"

Auta ya ce, "Ba su faɗa ba a fim ɗin."

"Sai ka tambayi Malam."

"Shi ma bai taɓa zuwa ba. Amma akwai makarantar can da muke aika wa saƙo. Zan sa a tambaye su."

Fitila ta canja. Ya riƙe mata jakar kayan aikinta, suka tsallaka.